Tarihin Kantin Sayar da Barasa a Ƙasar Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani irin kanti da babban kayansa giya ce da barasa. Ba mashaya ba ce. Ba benci a ciki, ba tebur, ba kofi. Mutum zai shiga ya sayi kwalba a rufe, a sa masa a jakar takarda, ya tafi gida. Doka ta hana a buɗe kwalbar a cikin kantin. In mai kanti ya bari aka buɗe, yana iya rasa lasinsa.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida ba ruwansu da abin da ke cikin kwalbar. Amma labarin kantin ya shafi manoma da hatsinsu. Ya shafi haraji. Ya shafi matan aure da suka gaji da haƙuri. Ya kuma shafi gwamnatin da ta hana abu, sa'an nan ta dawo tana sayar da shi da hannunta. Shi ya sa muka kawo muku shi a wannan wata.

Bari mu fara bambanta abu biyu. Giya ita ce wadda ake jiƙa hatsi, a dafa, a bar shi ya yi tsami, kamar burukutu. Barasa kuwa sai an sake ɗora giyar a wuta, a tare tururinta ya koma ruwa. Wannan ruwan shi ne mai ƙarfi, irin ogogoro. Abin da ke sa maye a giyar kwalba kamar kashi 5 ne cikin 100. A barasa kuwa ya kai kashi 40. Wuski barasa ce da ake yi da hatsi.

Lokacin da masara ta zama kuɗi

Shekara 200 da 'yan kai da suka wuce, yawancin Amurkawa manoma ne. Wasu sun yi nisa cikin daji, can bayan duwatsu. Ƙasa tana ba da amfani, amma ba hanya. Ba jirgin ƙasa, ba mota. Kafin a kai buhun masara kasuwa a bayan doki, kuɗin dako ya cinye riba.

Sai manoma suka koma mai da hatsinsu wuski. Kayan dawaki da yawa sai ya koma kayan doki ɗaya. Ga shi ba ya ruɓewa, ƙwari kuma ba sa cinsa. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a ƙauyuka, don haka wuski ya zama kuɗi. Da shi ake biyan ɗan ƙwadago, da shi ake sayen gishiri.

A shekarar 1791 sabuwar gwamnatin Amurka ta sa haraji a kan wuski, don ta biya bashin yaƙin neman 'yanci. Manoman yammacin jihar Fensilbaniya suka ce ba za su biya ba. Suka riƙa tare masu karɓar haraji suna wulaƙanta su. A 1794 har suka ƙona gidan babban mai karɓar harajin yankin. Shugaban ƙasa na farko, Joj Washinton, ya tara mayaƙa wajen 13,000. Kafin su isa, masu bore sun watse. An soke harajin a 1802. Da yaƙin basasa ya zo, aka dawo da shi a 1862, ya zauna daram.

A wancan zamani babu kantin barasa na musamman. Kantin ƙauye shi ne komai da ruwanka. A nan ake sayen sukari da ƙusa da yadi. A lungu kuma ga gangar wuski, kowa ya zo da butarsa a auna masa. Abraham Linkon, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya taɓa riƙe irin wannan kanti a ƙauyen New Salem tare da wani mai suna William Berry. A 1833 aka ba kantin lasin sayar da barasa. Ciniki bai yi kyau ba, kanti ya karye. Berry ya mutu a 1835, ya bar Linkon da bashin da ya yi shekaru yana biya.

Shan ya yi yawa ƙwarai. A 1830, in aka raba abin da aka sha ga duk mai shekara 15 zuwa sama, kowa zai tashi da galan 7 na tsantsar abin sa maye. Wato fiye da lita 26 ke nan a shekara. Wannan ya kusa ninka abin da Amurkawa ke sha yau sau uku.

Mashaya da matan aure

Da birane suka bunƙasa, sai ciniki ya koma mashaya. A nan ne kamfanonin giya suka shigo da wata dabara. Kamfani zai ba mutum jari, ya kama masa hayar ɗaki, ya sa masa kujeru, har ya biya masa kuɗin lasin. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya sayar da giyar kowa sai ta kamfanin. Kowane kamfani yana son nasa wurin a kowane layi. Sai mashaya ta fi ƙarfin masu sha.

To, mai mashaya ga bashin kamfani a wuyansa, ga abokan gasa hagu da dama. Dole ya san yadda zai sa mutane su ƙara sha. Wasu suna ba da abincin rana kyauta, amma sai a cika masa gishiri don ƙishirwa ta taso. Wasu suna ba da bashi har ranar albashi. Wasu suka haɗa da caca. Lebura zai karɓi kuɗin mako, kafin ya isa gida aljihu ya huje.

Mai ɗaukar wahalar ita ce matar gida. A lokacin mace ba ta jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa. Rabuwa da miji kuma abu ne mai wuya. A ƙarshen 1873 matan wasu garuruwa na jihar Ohayo suka fito cikin tsananin sanyi. Sukan durƙusa a ƙofar mashaya suna addu'a, har mai wurin ya ji kunya ya rufe. A 1874 suka kafa babbar ƙungiyar mata masu yaƙi da shan giya.

Wata mata mai suna Carrie Nation ba ta tsaya ga addu'a ba. Giya ce ta kashe mijinta na fari. Jiharta ta Kansas ta hana sayar da barasa tun 1881, amma hukuma ta kau da kai. A 1900 ta fara shiga mashaya da duwatsu tana fasa kwalabe. Daga baya ta koma zuwa da ɗan gatari. An kama ta wajen sau 30. Abin dariya, da cinikin 'yan ƙananan gatura na ado take biyan tarar kotu.

Waɗanda suka fi yin tasiri su ne 'yan wata ƙungiya da aka kafa a Ohayo a 1893 don yaƙi da mashaya. Ba ruwansu da jam'iyya. Tambayarsu ga ɗan takara ɗaya ce: kana tare da mu ko kana tare da mashaya? Wanda ya ƙi su, sai su tara masa ƙuri'u su kayar da shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Harajin giya da barasa shi ne wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wa zai yanka saniyar da yake tatsa? Sai a 1913 aka kawo haraji a kan abin da mutum ke samu, gwamnati ta sami wata ƙofar. A 1917 kuma Amurka ta shiga yaƙi da Jamus. Manyan masu kamfanonin giya jikokin Jamusawa ne, sai baƙin jini ya hau su. Aka kuma ce hatsi na abincin soja ne, ba na tukunyar giya ba.

Shekara 13 na hani

Aka gyara tsarin mulkin ƙasa. Daga 17 ga Janairu, 1920, ya zama laifi a yi giya ko barasa, ko a yi safararta, ko a sayar, a duk faɗin Amurka. A lura, shan kansa ba a hana ba. Masu hali suka cika rumbunansu da kwalabe tun kafin ranar.

Da farko dokar ta yi aiki. Sha ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na da. Masu mutuwa da ciwon hanta suka ragu. Wannan gaskiya ce da masu ba da labarin sukan tsallake.

Amma dokar tana da ƙofofi. An yarda likita ya rubuta wa mara lafiya wuski, kwalba mai kusan rabin lita duk kwana 10. Nan da nan marasa lafiya suka yawaita, kantin magani ya zama kantin barasa. Manoman inabi suka riƙa sayar da busasshen ruwan inabi a dunƙule kamar bulo. A jikin takardar sai a rubuta gargaɗi, wai kada a jiƙa a ajiye, don zai zama giya. Kowa ya gane karatun.

Ga kuma 'yan fasa-ƙwauri. Iyakar Amurka da Kanada ta fi kilomita 6,000, ban da bakin teku. Ma'aikatan da aka ɗauka da farko don tsare dokar ba su wuce 1,500 da 'yan kai ba, albashinsu kuma kaɗan ne. Cin hanci ya samu gindin zama. Mashaya ta koma ɓoye, a bayan shago ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Cinikin ya faɗa hannun 'yan ta'adda masu bindiga. Wanda ya fi suna shi ne Al Capone na birnin Shikago. Ranar 14 ga Fabrairu, 1929, aka jera mutum 7 na ɓangaren abokan gabarsa a jikin bango aka harbe. Da hukuma ta kama shi a ƙarshe, ba da laifin kisa ta ɗaure shi ba. Da laifin ƙin biyan haraji ne, a 1931.

Talaka ne ya fi shan wuya. Akwai barasar da masana'antu ke aiki da ita, wadda doka ta sa a zuba mata guba don kada a sha. Ɓarayi sukan sace ta, su ɗan tace, su sayar. Mutane suka yi ta makancewa, wasu suka mutu. A 1930 wani gurɓataccen ruwan citta da ake sha a madadin barasa ya shanye ƙafafun dubban mutane.

Abin da ya kashe dokar shi ne talauci. A 1929 tattalin arzikin Amurka ya rushe. Zuwa 1933, mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki. Baitulmali ya bushe. Jama'a suka ce ga kuɗi can 'yan ta'adda na kwasa, gwamnati na kallo. Ranar 5 ga Disamba, 1933, aka sake gyara tsarin mulki, aka janye hanin. Aka ce kowace jiha ta yi dokarta.

Haihuwar kantin

Kowa ya yarda da abu ɗaya: kada tsohuwar mashaya ta dawo. Wani hamshaƙin attajiri, John D. Rockefeller ƙarami, bai taɓa sha ba, ya kuma daɗe yana ba masu neman hani kuɗi. A 1932 ya fito fili ya ce hanin ya kasa. Ya ɗauki nauyin wani lauya da wani injiniya su binciko mafita. Rahotonsu ya fito a 1933, jihohi da yawa suka ɗora dokokinsu a kansa. A ganinsu, tushen ɓarnar shi ne kwaɗayin riba, don mai neman riba kullum so yake a ƙara sha.

Daga nan aka raba cinikin hawa uku. Hawa na farko kamfanin da ke yi. Na biyu ɗan sari. Na uku mai kanti ko mai mashaya. Kamfani sai ya bi ta hannun ɗan sari. Ba a yarda ya mallaki kanti ba, ko ya ɗaure mai kanti da bashi kamar da. Wannan tsari ya yi wa gwamnati daɗi ta wani gefen. 'Yan sari ba su da yawa, saboda haka karɓar haraji a wurinsu ba wuya.

Aka kuma raba wurin sha da wurin saye. Haka kantin kwalba a rufe ya samu.

Wasu jihohi suka ce su da kansu za su yi cinikin. Gwamnan Fensilbaniya na lokacin, Gifford Pinchot, maƙiyin giya ne. Da ya ga ba makawa, ya sa gwamnati ta riƙe kantunan. Shekaru da yawa kwalabe suna bayan kanta, ba a barin mai saye ya taɓa. Sai ya faɗa wa akawu abin da yake so a ɗauko masa. Akawun ma'aikacin gwamnati ne, a saya ko kada a saya albashinsa na nan. Har yanzu jihar tana da kantuna wajen 600. A jihohi 17 cikin 50, gwamnati ce 'yar sarin barasa, a wasu daga ciki kuma ita ce mai kanti.

A nan akwai abin dubawa. An kafa kantin gwamnati don a rage sha. Amma da riba ta fara shiga baitulmali, sai aka fara ƙawata kantunan, ana rage farashi lokacin bukukuwa. Wuya ne mutum ya zama shi ne mai hanawa, shi ne kuma mai ƙirga ciniki da yamma.

Wasu jihohi ba su janye hanin da wuri ba. Ta ƙarshe ita ce Misisifi, a 1966. Har yau akwai ƙananan hukumomi, musamman a kudu, da ba a sayar da barasa a cikinsu.

Yadda cinikin yake

A sauran jihohi 'yan kasuwa ne ke da kantunan, amma sai da lasin. Wasu jihohi sun ƙayyade yawansa. A Niyu Jasi, lasin kanti ɗaya ake bayarwa ga kowane mutum 7,500 na gari. Tun da ba ya samuwa, wanda ke da shi yakan sayar da shi da tsada, wani lokaci dala dubu ɗaruruwa. Takardar takan fi kayan kantin daraja. A jihar Niyok kuwa, mutum ɗaya kanti ɗaya, manyan kantunan kayan abinci kuma ba sa sayar da barasa.

Mai kanti yana da sauƙi ɗaya: kayansa ba tumatir ba ne, kwalbar wuski tana shekaru ba ta lalace ba. Amma jari mai yawa yana kwance a kan kanta. Cinikin ya fi tashi a watan Disamba. Yana buɗewa har dare da kuɗi a aljihun tebur, don haka 'yan fashi sun san hanyarsa. A wasu unguwanni ta bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa ake miƙo kaya.

Babban abin da ke kai shi ƙasa shi ne sayar wa yaro. A 1980 wani direba da ya bugu ya kaɗe wata yarinya 'yar shekara 13 a Kalifoniya, ta mutu. Uwarta, Candy Lightner, ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye. A 1984 majalisar tarayya ta yi doka: duk jihar da ta bar wanda bai kai shekara 21 ba ya saya, za a rage mata kuɗin gyaran hanya. Zuwa 1988 duk jihohi sun bi.

Jihohi da dama sun daɗe suna hana cinikin ranar Lahadi. Jihar Indiyana sai a 2018 ta sake. Abin mamaki, masu ƙananan kantuna suna cikin waɗanda suka daɗe suna kare hanin. Lissafinsu shi ne cinikin kwana 6 zai bazu ne kawai a kwana 7, ga ƙarin albashin yaran kanti da kuɗin wuta.

A 2011 mutanen jihar Washinton suka jefa ƙuri'a a karɓe cinikin daga hannun gwamnati a ba 'yan kasuwa. Kamfanin Costco ya kashe fiye da dala miliyan 20 wajen neman goyon baya. Wuraren saye suka ninka sau da yawa. Masu jiran araha kuwa sun sha mamaki, don sababbin kuɗaɗen da aka ɗora sun sa farashi ya hau.

Su wa ke riƙe da wannan kasuwa? Fiye da mutum 3 cikin 10 na manyan Amurkawa ba sa sha ko kaɗan. Mutum 10 cikin 100 da suka fi kowa sha su ke shanye fiye da rabin abin da ake sayarwa. Wato ribar kanti ta dogara ne a kan waɗanda abin ya fi cutarwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021, yawan sha ya kashe mutum wajen 178,000 kowace shekara.

Ƙauye mai kanti huɗu

A jihar Nebraska akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Whiteclay. Mazaunansa ba su fi mutum goma sha ba. Amma har zuwa 2017 yana da kantin giya har 4, suna sayar da gwangwani wajen miliyan uku da rabi a shekara. Wato kusan 10,000 ke nan kowace rana.

Wa ke shanyewa? Ƙauyen yana manne da iyakar Pine Ridge, yankin da aka keɓe wa ƙabilar Oglala Lakota a jihar Dakota ta Kudu. Su suna cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Yankinsu yana cikin mafi talauci a Amurka, hukumar ƙabilar kuma ta hana giya a cikinsa. Dokarsu ba ta tsallake iyaka. A lokacin, mutum yakan tako da ƙafa, ya saya. Wasu su ɓoye su koma da ita gida, wasu su sha a bakin titi su kwanta a nan. Ana haifar jarirai da nakasa saboda shan da iyayensu mata suka yi da ciki.

Masu kantunan suka ce su ba su karya doka ba, lasinsu na nan, harajinsu suna biya. Dattawan ƙabila da masu goyon bayansu suka yi shekaru suna zanga-zanga. A 2012 ƙabilar ta kai ƙarar kantunan da kamfanonin giya, tana neman diyyar dala miliyan 500. Kotun tarayya ta kori ƙarar.

Abin da ya rufe su a ƙarshe ƙaramin dalili ne. Doka ta ce ba a ba da lasin a inda babu isassun 'yan sanda. Ofishin 'yan sandan da ke kula da Whiteclay yana wani gari mai nisan fiye da kilomita 30. A watan Afrilu na 2017 hukumar lasin ta jihar ta ƙi sabunta takardun kantunan huɗu. Suka ɗaukaka ƙara. A watan Satumba babbar kotun jihar ta bar su a rufe.

Titin Whiteclay ya yi tsit, masu kwana a bakinsa suka watse. Amma cinikin giya ya ƙaru a garuruwan da ke gaba, masu mota suna zuwa can su sayo. A cikin Pine Ridge kuma masu sayarwa a ɓoye suka ci gaba da harkarsu.